DARASI: FARFESA UMAR YAGI DA HODAR DA KE TATSO RUWA DAGA ISKA

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Darasinmu na yau a kan ilimin sinadarai ne, wanda yaranmu na sakandare suke kira kemistiri. Kada wani ya ji sunan ya wuce, don maganar ruwa ce a cikinsa, kuma duk mutumin Gwarzo da Kabo ya san mece ce maganar ruwa idan watan Maris ya kama, rijiyoyi suka ja baya, 'yan garuwa suka ƙara wa jarka kuɗi. Ina roƙon iyaye da malaman makaranta musamman su daure su karanta har ƙarshe.

A ranar Laraba, 8 ga Oktoba 2025, aka sanar daga birnin Stockholm na ƙasar Suwidin cewa mutum uku ne suka raba lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai: Richard Robson na Jami'ar Melbon a Ostireliya, da Susumu Kitagawa na Jami'ar Kyoto a Japan, da Umar Yagi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Na ukun shi ne zan fi tsayawa a kansa.

1. WANE NE UMAR YAGI?

An haife shi a Amman, babban birnin Jodan, a shekarar 1965. Iyayensa Falasɗinawa ne 'yan gudun hijira. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ɗaki guda suke kwana shi da 'yan'uwansa masu yawa, da shanun da suke kiwo, ba wutar lantarki, ba famfo mai zuba kullum. Mahaifinsa mahauci ne, karatunsa bai wuce firamare ba. Mahaifiyarsa kuwa ba ta karatu ba ta rubutu. Ruwa sai bayan mako guda ko biyu ake sako musu, na 'yan awanni, kuma aikinsa ne ya tashi da asuba ya tara abin da zai ishi gida da dabbobi. Idan ya makara, sai jiran wani makon.

Wannan hoton ai ba baƙonmu ba ne. Akwai irin wannan yaron a Getso, akwai shi a Garo, akwai shi a Kutama da Durun.

Yana ɗan shekara goma ya samu ɗakin karatu na makarantarsu a buɗe, wanda galibi a kulle yake. Ya shiga ya ɗauko wani littafi, ya ga zanen wasu ƙwallaye da aka haɗa da sanduna. Bai san ko mene ne ba, amma abin ya kama zuciyarsa. Daga baya ya gane zanen ƙwayoyin sinadarai ne, wato yadda ƙwayoyin zarra suke riƙe juna.

Yana ɗan shekara 15 mahaifinsa ya tura shi Amurka, Turancinsa ma bai nuna ba. Ƙaramar kwaleji ya fara shiga a garin Troy na jihar New York, yana aikin zuba wa mutane kaya a leda a kanti da goge daɓe don ya riƙe kansa. Ya gama digirin farko a Albany a 1985, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Illinois a 1990, ya yi shekara biyu yana ƙarin bincike a Harvard. A 1992 ya samu ɗakin bincikensa na kansa a Jami'ar Jihar Arizona. Daga nan ya koma Michigan, sannan Los Angeles, sannan Berkeley a 2012.

2. MENE NE WANNAN ABIN DA SUKA ƘIRƘIRA?

Turawa a taƙaice suna ce masa MOF. Idan za mu ba shi suna da Hausa sai mu ce saƙar ƙarfe da sinadarin kabon. Bari in kawo misalin da kowa ya sani.

Ka dubi hasumiyar da mai walda yake haɗawa don ɗora tankin ruwa a kan rijiyar burtsatse. Abu biyu ne a cikinta: sanduna, da mahaɗar da sandunan suke taruwa. Tsakiyarta kuwa fanko ne, iska na shiga tana fita. To ka ƙaddara an ƙanƙantar da wannan hasumiya har ido ba ya ganinta, aka jera irinta miliyoyi a jikin juna, sama da ƙasa, gabas da yamma, kowace daidai da 'yar'uwarta. Mahaɗar ita ce ƙwayar ƙarfe, kamar tutiya ko jan ƙarfe ko alminiyam. Sandunan kuma dogayen ƙwayoyin sinadari ne da aka gina da kabon. Idan ka zuba shi a tafin hannu hoda ce kawai kamar gishiri ko sukari, amma kowace ƙwaya cike take da ɗakuna.

Mene ne amfanin ɗakunan? Ka tambayi mai yaɓe. Zaure ɗaya ƙato bango huɗu ne da shi. Idan aka yanka wannan zauren aka mai da shi ƙananan ɗakuna dubu, girman ginin bai ƙaru ba, amma bangon da za a yaɓe ya ninka ba adadi. Ita kuwa iska, da tururin ruwan da ke cikinta, a jikin bango suke manne wa. Gwargwadon yawan bango, gwargwadon abin da za a kama.

Shi ya sa masana suke auna faɗin bangon da ke cikin hodar. Wadda Yagi ya haɗa a 1999, mai suna MOF-5, giram biyu zuwa uku nata, idan da za a warware bangon cikinsa a shimfiɗa, zai rufe filin ƙwallon ƙafa. Ka ji fa.

Mu ma ai muna amfani da abubuwa masu ƙofofi tun kaka da kakanni. Gawayi yana tsotse wari saboda ƙananan ramukan da ke jikinsa. Randa tana sanyaya ruwa saboda jikinta na tsatsafa. Bambancin shi ne ramukan gawayi yadda wuta ta bar su haka suke, wani babba wani ƙarami. A MOF kuwa mai haɗawa ne yake zaɓar tsawon sanda da irin mahaɗa tun kafin ya fara, kamar yadda magini yake zana gida a takarda. Idan iskar gas kaza yake son kamawa, sai ya yanka ƙofar daidai ita. Wannan shi ne sabon abin.

3. YADDA AIKIN YA BI HANNU UKU

Robson, haifaffen Ingila a 1937, shi ya fara. A 1974 yana shirya wa ɗalibansa kayan koyarwa, ƙwallayen katako da ake hudawa a soka sanduna don nuna siffar sinadarai. Sai ya lura cewa inda aka huda ramukan shi yake tilasta siffar da za ta fito. Ya ce to me zai hana a yi haka da ainihin sinadaran, a bar su su jera kansu? Sai da ya yi shekara fiye da goma kafin ya zauna ya gwada. A 1989 ya wallafa sakamakon: ya haɗa jan ƙarfe da wani sinadari mai hannu huɗu, suka jeru irin jeruwar lu'ulu'u, amma da manyan ɗakuna a ciki. Matsalar ginin nasa ita ce ba shi da ƙwari, yana saurin rushewa. Da yawa daga masana suka ce wasa ne.

Kitagawa, haifaffen Kyoto a 1951, ya sha wahalar samun kuɗin bincike, don masu ba da kuɗin ba su ga amfanin abin ba. Suna cewa ai akwai wani dutse mai ramuka da ake kira ziyolait, yana wannan aikin. Bai bari ba. A 1997 ya nuna cewa iskar gas tana iya shiga irin wannan saƙa ta zauna ta kuma fita, ginin na nan a tsaye. Shekara guda bayan haka ya bayyana cewa za a iya yin mai taushi, wanda yake buɗewa ya tsuke kamar huhu, abin da dutse ba zai iya ba.

Shi kuma Yagi abin da ya dame shi tun yana ɗalibi shi ne yadda ake haɗa sinadarai: a zuba a tukunya, a dafa, a jira a ga abin da zai fito, sau da yawa tare da tarkacen da ba a nema ba. Yana son a riƙa gini da ƙa'ida. A 1995 ya wallafa bincike a mujallar Nature, a nan sunan MOF ya fito ya zauna. A 1999 shi da abokan aikinsa suka fitar da MOF-5 ɗin da na ambata. Dabararsa ita ce maimakon ƙwayar ƙarfe guda a mahaɗa, sai ya sa dunƙulen tutiya da iskar oksijin, mahaɗar ta yi ƙarfi. Aka kwashe duk abin da ke cikin ɗakunan, aka gasa hodar har zafi ya kai digiri 300, ba ta rushe ba. Ciwon da ya kayar da ginin Robson ke nan aka samo maganinsa bayan shekara goma.

A 2002 ya ƙara nuna cewa daga wannan tsari guda za a iya fitar da iri 16, ta hanyar canza sandunan kawai, wasu ɗakunan su fi faɗi wasu su fi ƙunci. A 2005 ya fito da wani dangin saƙar da babu ƙarfe a cikinsa sam. Daga nan ƙofa ta buɗe wa kowa.

4. MAGANAR RUWA

Iskar da muke shaƙa akwai ruwa a cikinta, ko a sahara. Shaida ita ce raɓar da ke kwanciya a kan ciyawa, da gumin da ke fitowa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Na'urorin da aka saba da su sanyaya iska suke yi har ruwan ya sauko, kuma wannan yana cin wuta sosai, sannan idan iska ta bushe ƙwarai ba ya aiki.

Yagi da ɗalibansa suka gano cewa wasu daga hodojin nan suna zuƙar tururin ruwa ko da laimar iska ta yi ƙasa, kuma ɗan zafi kaɗan ya isa ya sa su saki. Sai suka yi akwati. Da dare a buɗe shi, hodar ta sha laima. Da safe a rufe, rana ta dake shi, hodar ta saki tururi, tururin ya taru a jikin akwatin ya zama ɗigo ya gangaro. Ba janareta, ba man fetur.

A 2017 suka wallafa gwajin farko tare da injiniyoyin jami'ar MIT. Suka kai akwatin hamadar Arizona ya ba da ruwa. Hodar farko da wani ƙarfe mai tsada aka yi ta, sai suka koma wadda aka gina da alminiyam, ƙarfen da ake ƙera mana tukwane da shi, suka sa mata suna MOF-303. A 2019 suka gwada ta a hamadar Mojave, da fanka da hasken sola suna juya iskar sau da yawa a yini, laimar iska tana wajen kashi 10 cikin 100. Kilo guda na hodar ya ba da lita 0.7 a rana. A sakamakon da suka wallafa a 2023 kuma, a wurin da suke kira Kwarin Mutuwa a Kalifoniya, ɗaya daga wuraren da suka fi zafi da bushewa a duniya, akwatin da ba ya amfani da komai sai zafin rana ya ba da giram 210 na ruwa a kowane kilo a rana.

Yaron da yake tashi da asuba yana jiran famfo ke nan.

5. MU YI LISSAFI DA JARKARMU

A nan nake so mu natsu, don na san halinmu da labarin da ya yi daɗi. Gobe sai ka ji ana yaɗawa cewa an gama da matsalar ruwa a duniya.

Giram 210 bai kai rabin ledar fiya wata ba. Jarkar ɗan garuwa lita 25 ce. Idan da akwatin zafin rana za ka cika jarka ɗaya a kullum, kana buƙatar hoda wajen kilo 120. Idan mai fanka da sola ne, wajen kilo 36. Jarka ɗaya fa, ba a yi maganar wanki da girki da shayar da dabbobi ba, balle noman rani. Saboda haka a inda binciken ya tsaya a waɗannan gwaje-gwaje, ruwan sha ne na ceton rai a wurin da babu rijiya babu kogi. Shi Yagi ya kafa kamfani don a girmama na'urar ta riƙa ba da ruwa mai yawa, kuma aikin na tafiya, amma tsakanin ɗakin bincike da kasuwar Gwarzo akwai tafiya. Duk wanda ya zo muku da wani akwati yau ya ce ku kawo kuɗi na Nobel ne, ku riƙe aljihunku.

Abin da ya sa duk da haka labarin ya shafe mu shi ne irin iskar da aka yi gwajin a cikinta. Busasshiyar iska ce irin tamu ta hunturu da bazara, wadda take fasa leɓe da kaushi. Rana kuwa, wadda ita ce man na'urar, ba mu da abin da ya fi ta yawa. Ranar da abin ya yi araha, ƙasa irin tamu ce kasuwarsa. Tambayar ita ce a ranar, masu saye kawai za mu zama, ko za a samu 'ya'yanmu cikin masu haɗawa da gyarawa?

6. INDA TASIRINSA YA KAI

Yau masana a faɗin duniya sun haɗa dubun-dubatar nau'o'in MOF. Akwai wanda ake gwadawa a masana'anta a Kanada don kama hayaƙin kabon kafin ya tashi sama. Akwai wanda ake adana iskar gas mai guba a cikinsa a masana'antun kayan lantarki. Akwai masu tace dattin sinadarai da ragowar magunguna daga ruwa. Akwai kuma wanda ya shafi iskar da 'ya'yan itace suke fitarwa mai sa su nuna da wuri, don a jinkirta nunar. Manomin tumatir da mai mangwaro da suke kallon kwandunansu na ruɓewa kafin mota ta zo, sun san darajar kwana uku.

Sannan akwai mutanen da ya horar. Cikin waɗanda sunansu ke kan takardar MOF-5 akwai Muhammad Eddaoudi, mutumin Maroko, wanda yanzu babban farfesa ne a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah a Saudiyya. Yagi ya kuma taimaka an kafa cibiyoyin bincike a ƙasashe irin su Biyetnam da Saudiyya da Malesiya, don matasa su yi bincike a gida. Kafin Nobel ya karɓi lambar Sarki Faisal a 2015, Saudiyya kuma ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2021. Da aka yi hira da shi bayan sanarwar, abin da ya nanata shi ne masu basira suna ko'ina, dama ce ba ta ko'ina.

7. ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na farko, ƙofar ɗakin karatu. Duk wannan tafiya daga littafi guda ta faro, a ranar da aka bar ƙofa a buɗe. Ina tambayar shugabannin makarantunmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai: ɗakin da aka rubuta wa ɗakin gwaje-gwaje a makarantarku, me ke cikinsa? Yara nawa ne suke zana jarrabawar kemistiri ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa? Kuɗin da ake kashewa a walimar taron tsofaffin ɗalibai guda zai sayi kayan gwajin da aji zai yi shekara yana amfani da su. A saya, a damƙa a hannun malami mai amana, a kuma riƙa zuwa ana dubawa.

Na biyu, kada a raina ƙaramar mafara. Yagi daga ƙaramar kwaleji ya fara. Yaron da bai samu gurbin likitanci ba, aka ba shi kemistiri ko aka tura shi kwalejin kimiyya da fasaha irin wadda gwamnatin tarayya ta kafa a Kabo, kada a sa shi ya ji kamar ya faɗi. Mu a nan duk wanda ya yi kimiyya so ake ya zama likita, kamar babu wanda zai haɗa maganin da likitan zai rubuta. Jihar Kano ta san wannan hanya tun 1977 da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma kowa ya ga irin mutanen da suka fitar. Duk mai shiga Kano daga Gwarzo ko Kabo sai ya wuce ta ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero. Ka nuna wa ɗanka ƙofar, ka nuna wa 'yarka, ka gaya musu akwai sashen sinadarai a jami'ar.

Na uku, haƙuri. Daga ranar da tunanin ya zo wa Robson zuwa ranar da aka kira sunansa shekara 51 ce, yana ɗan shekara 88. Kitagawa an ce masa aikinsa ba shi da amfani. Mu kuwa idan yaro ya gama digiri ya ce zai zauna bincike, tambayar farko ita ce nawa ake biya. Tambaya ce mai hujja, don ciki ba ya jira. Amma masu hali a cikinmu, ɗaukar nauyin ɗalibi guda mai bincike na shekara uku bai fi ƙarfinsu ba.

Na huɗu, ladabin na baya ga na gaba. Ginin Robson rushewa yake yi. Waɗanda suka zo bayansa sun nemo inda raunin yake suka ɗaure shi, ƙarshe aka kira su ukun tare. Ɗalibanmu su kula da wannan, a kowane fanni suke.

Na biyar, mu dubi abin da ke hannunmu. Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsatsafowa ta ramukan yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafi, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. Wannan ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ilimin ramuka ne shi ma, da yumɓun da muke takawa. Malamin kimiyya a Kabo ko Gwarzo zai iya koyar da rabin darasin nan da randa da gawayi da soso, kafin kayan gwaji su iso.

Kafin hodar Yagi ta iso mu kuwa, ruwanmu na nan inda muka san shi: rijiyar burtsatsen da ta lalace aka bar ta saboda ƙaramin gyara, da ruwan saman da yake zuba daga indararo wata huɗu ba mai tarawa, da madatsun ruwa irin na Challawa da ke maƙwabtanmu Ƙaraye. Kowace unguwa ta sa kwamitin da zai riƙa tara ɗan abin gyaran famfonta tun damina, kada a jira bazara.

Wanda yake da ɗa ko ƙane a ajin kimiyya, ya karanta masa wannan darasi, ya kuma ba shi lissafin jarkar nan ya sake yi da hannunsa. Malaman sinadarai da ke cikinmu kuma, ku ƙara mana bayani a ƙasa don kowa ya amfana.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriya, Ya wadata garuruwanmu da ruwa mai albarka. Amin.